Yaro, muciya da littafin cikin waya

A Matamaye babu mai ganin laifin namijin da ke gasa tsire ko shanya kilishi. Mai shayi namiji ne, mai burodi namiji ne, kukun otal a Damagaram ma haka, kuma duk ana ba su aure ba wanda ya ce uffan. Amma bari yaro ya ɗauki muciya ya tsuguna gaban tukunyar tuwo. Kafin tuwon ya sulala an raɗa masa suna: ɗan daudu.

Abin da ya sa na ɗauko zancen, wata waya ce da wani abokin aikina ya ƙwace a aji, a lakkwal ɗin da nake koyarwa. Mai wayar ɗan shekara 15 ne. A ciki aka tarar da littafin soyayya da Faransanci, labarin maza biyu masu aiki a wani gidan abinci da suka kamu da son juna. Nan take ɗakin malamai ya ruɗe. Wani ya ce a kira uban, wani ya ce a fito da yaron gaban tuta da safe a faɗa wa kowa, don saura su ji tsoro.

Na nemi a ba ni wayar in karanta tukuna. Ba littafin da zan miƙa wa ɗana ba ne, kuma matsayin addininmu a kan wannan al'amari ba ɓoyayye ba ne. Sai dai kusan rabin shafukansa girki ne zalla: yadda ake soya albasa a hankali har ta yi zaƙi, yadda ake kwaɓa fulawa, lokacin da ake sa gishiri. Irin waɗannan littattafai suna da kasuwa babba a waje. A Japan akwai labarin zane na Fumi Yoshinaga da ya fara fitowa a 2007, kan wani lauya da wani mai gyaran gashi da ke zaune gida ɗaya, kusan kowane babi da girkinsa, har aka mai da shi wasan talabijin a 2019. Marubutan sun san abin da marubutanmu na Kano suka daɗe da sani: mai karatu ya fi saurin yarda da so idan ya gan shi a cikin kwano. Wanda ya karanta littattafan soyayya na Hausa zai tuna yawan shafukan da ake ɓatawa a kan girkin amarya.

Da na zauna da yaron mu biyu, sai ya nuna mini bayan littafin rubutunsa. Ya kwafe girke-girke wajen goma, ya sa man gyaɗa inda aka ce man zaitun. Mahaifiyarsa tana Aljeriya shekara ta biyu ke nan. Shi ke dafa wa ƙannensa uku shinkafa da wake da rana, tuwon hatsi da dare, kuma tun daga aji shida 'yan ajinsu suke kiransa da wancan suna.

Mu mutanen ƙasar Kance mun san wannan gida, don yana kowace unguwa. A Oktoban 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, da dama daga yankinmu. Tafiyar ba ta tsaya ba. Uwa ta tafi, uba yana ci-rani ko yana fadamar rake, to wa zai hura wuta? Yaran da muka ce girki ba nasu ba ne su ke yi, a ɓoye, da kunya kamar masu sata.

Abin da ke zuciyar yaron ban tambaye shi ba, kuma ba na ganin malami yana da ikon tona shi a bainar jama'a. Wataƙila girkin ne ya ja shi, wataƙila ya ga labarin da namiji ke riƙe ludayi ba a yi masa dariya ba, wataƙila akwai wani abu bayan haka. Ko wanne ne, tsayar da shi gaban ɗalibai ɗaruruwa ba ya gyara komai. Garinmu ƙarami ne. Sunan da aka ba yaro a filin lakkwal shi zai bi shi tasha, ya bi shi gidan da zai nemi aure. Na ga yaran da suka bar karatu kan abin da bai kai wannan ba. Rufin asiri ma addini ne, ko da yake mukan manta da shi idan asirin na ɗan wani ne.

Sunan kansa yana da tarihi. 'Yan daudu sun daɗe a ƙasar Hausa suna sayar da abinci a tashoshi da kasuwanni, har wani Ba'amurke, Rudolf Gaudio, ya rubuta littafi a kansu a 2009 bayan zaman da ya yi a Kano. Daga nan muka haɗa sana'a da ɗabi'a muka ɗaure su da igiya ɗaya, alhali Nana A'isha ta ba da labarin cewa Manzon Allah (SAW) yakan taya iyalinsa aikin gida. Wannan hadisin muna karantar da shi a islamiyya, mu dawo gida mu kori yaro daga madafa.

Batun hana karatu kuma an gwada. Da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito a 1991, shi da ire-irensa suka tsallako ta Daura da Ɗan Barto, iyayenmu suka yi ta faɗa. A 2007 har ƙona littattafan soyayya aka yi a Kano. A lokacin takarda ce, ana iya kama ta ƙarƙashin matashin kai. Yau littafi yana shigowa ta WhatsApp da Wattpad, da harshen da iyaye da yawa ba sa karantawa, kuma idan ka goge shi da safe, da yamma aboki ya sake turowa. Uban da bai taɓa tambayar ɗansa me yake karantawa ba, ranar da ya fara da bulala ita ce ranar da za a sa wa waya lambar sirri.

Darakta ya yarda aka bar maganar tsakanin mutum uku. Muka ce wa yaron littafin bai dace da shekarunsa ba, muka faɗa masa dalili, aka goge. Girke-girken da ya kwafa kuwa babu wanda ya taɓa su.

A gidana yanzu ranar Lahadi samari ke girkin rana, 'yan mata su huta. Maƙwabta sun yi magana, wata gwaggo ma har sallama ta yi ta zo jan kunne. Miyar kukar babban har yanzu tana yin gudaji, amma ƙaramin ya iya dambun zogale.