Amanar Fiffike

Bayan na gama bautar ƙasa, kwalin digirina ya shekara a ƙarƙashin katifa. Aikin da ya fara samuwa shi ne wankin ƙaramin jirgin sama mai kujera huɗu, Cessna 172. Na karɓa, ina ɓoye wa abokai.

Ranar farko na ɗauko busasshen tsumma zan goge gilashin gaba, sai tsohon injiniyan ya riƙe hannuna. "Yaro, wannan roba ce, ƙura kaɗai kan karce ta." Ya koya mini in jiƙa ƙwarin da suka manne a bakin fiffike har su yi laushi, in guji sabulu mai ammoniya, in liƙe kafofin auna iska kafin ruwa ya taɓa su.

Wata yamma na manta ban ɓare salatif ɗin ba. Baba bai yi faɗa ba. Ya ba ni labarin jirgin Peru na 1996, wanda salatif da aka bari bayan wanki ya jawo mutuwar mutum 70.

Daren nan ban runtsa ba. Tun daga ranar, sai na zagaya jirgin sau biyu kafin in ajiye bokiti, kuma na daina ɓoye sana'ata.