Majami'ar Laka da Tarihin da Ba a Rubuta Ba

Mu masu nazarin adabi a nan Gubi mun saba neman tarihi a bakin mawaƙa da cikin takardu, alhali akwai wanda magina suka ajiye a jikin bango. Ƙananan majami'un Katolika na ƙauyukan ƙasar Bauchi misali ne.

Asalinsu yana komawa Shendam, inda limaman ƙungiyar SMA suka sauka a 1907. Sannu a hankali aikin ya biyo ta Jos ya iso nan. A 1996 aka ware Bauchi daga Jos, a 2003 kuma ta zama cikakkiyar dayosis ƙarƙashin Bishop John Moore.

A ƙauye kuwa, fada yakan zo ne ya koma. Katikis da mutanen gari su ke yin gayya su kwaɓa ƙasa. Tubali irin na gida, jinka ta ciyawa, mazauni na laka, sai tsohon ƙarfen mota rataye a bishiya a madadin ƙararrawa. Bayan Taron Batikan na Biyu, 1962 zuwa 1965, aka janyo bagadi daga jikin bango domin fada ya fuskanci jama'a, Hausa kuma ta gaji Latin wajen ibada.

Yau bulo da kwano suna ture laka. Ba mu ga laifin mai gudun yoyo ba. Sai dai kafin a rushe, ya kamata ɗalibanmu su je su auna, su zana, su tambayi dattawan da suka ɗebo ruwan kwaɓi sunan maginin. Ranar da aka binne na ƙarshensu, ba mu da wanda za mu tambaya.