Farin Yashi A Cikin Jar Ƙasa

A unguwar Agege ta birnin Ikko, inda Hausawa suka daɗe da zama tun zamanin fataucin goro, akwai wani dattijo wanda ya shekara fiye da 30 yana cin abinci da diga da shebur. Harsashin gini, da lambatu, da ramin sokawe, da hanyar bututun ruwa, babu wanda bai haƙa ba. Duk wanda ya miƙa masa hannu zai ga fatar damtsensa na dama ta tattare ta yi fari-fari tun daga wuyan hannu har gwiwa. Yaran da ke aiki ƙarƙashinsa kan yi masa ba'a a bayan idonsa, wai wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, domin kuwa ba ya yarda a kafa diga a wuri sai ya gama zagayensa.

Da kaka ta wuce, ɗan ƙanwarsa ya zo ci-rani daga gida, saurayi majiyin ƙarfi wanda ya saba da haƙan rijiya da kaftun fadama. Aikinsu na farko tare shi ne harsashin katanga a gaban wani gidan burodi, kuma an yi jingar ne a kan tsawon ramin, ba a kan kwana ba. Watau ke nan duk ranar da aka ƙara, daga aljihun leburori ta fita.

Da sassafe yara suka tuɓe riguna, amma dattijon ya ce a dakata. Ya taka zuwa bakin titi inda tiransifoma take, ya tsaya yana duban falwaya, har ya ga wata baƙar waya mai kauri ta gangaro ta cikin bututu ta shige ƙasa. Sa'an nan ya dawo ya nemi inda allon mitar gidan yake, ya ga nan ma daga ƙasa waya ta ɓullo. Ya ja layi da ido tsakanin wuraren biyu, sai ga shi layin ya gitta daidai inda za a haƙa. Ya tambayi maigidan ko ya san ta inda aka bi da wayar. Maigida ya ce shi sayen gidan ya yi, a haka ya same shi, ya ƙara da cewa, "Malam, ai tun shekaranjiya babu wuta a layin nan. Ku yi aikinku."

Dattijon ya ce, "Maigida, ranar da za a ɗauke ta an gaya maka? To, haka ranar da za a kawo ta."

Wannan magana ta "babu wuta" ita ce babbar yaudarar mai haƙa a ƙasar nan. Wayar da ke kwance shiru da hantsi tana iya cika da wuta kafin mutum ya ɗaga diga ya sauke. Har ila yau, maƙwabcin da ya tayar da janareto ba tare da ya raba gidansa da babban layi ba yana iya mayar da wuta baya cikin wayar da kowa ya ɗauka matacciya ce.

Ga shi kuma ƙasar Ikko ta daɗe tana haɗiyar waya. Tun 1896 aka fara kunna lantarki a birnin. An kafa hukumar NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, kana daga watan Nuwamba na 2013 aka fara danƙa rarraba wuta ga kamfanoni 11, biyu daga cikinsu, na Ikeja da na Eko, a Ikko suke. Kowane zamani ya binne nasa. Ban da wannan ga wayar da mai gida ke ja da kansa daga ɗakin janareto zuwa shago, wadda ba ta cikin taswirar kowa. Manyan 'yan kwangila suna da na'urar da ake yawo da ita bisa ƙasa ta yi ƙara in ta zo kan waya, amma ita ma takan tsallake wayar da wuta ba ta gudu cikinta a lokacin, balle lebura na gefen titi wanda bai taɓa riƙe ta ba. Shi idonsa ne na'urarsa.

Saboda haka dattijon ya ba da umurni a fara daga nesa da layin da ya zana, in an matso kusa kuma a ajiye diga. Amma samari da ganin ƙasa ta yi laushi sai hannu ya saki. Wajen azahar, ramin bai wuce gwiwa ba, saurayin nan ya kwaso shebur guda ya watsar, sai ga farin yashi irin na kogi ya zubo a kan jar ƙasa. Bai kula ba. Ya ji wani abu mai tauri a ƙasa, ya ɗauka dutse ne, ya jawo diga ya ɗaga sama.

"Kai! Sauke ta a hankali!"

Yaron ya tsaya da diga a sama, ya ce, "Kawu, dutse ne fa."

"Ɗan nan, wa ya kawo yashin kogi nan? Ƙasa ba ta canja launi da kanta. Hannun mutum ne ya zuba shi."

Lalle haka ne. Bisa ƙa'ida, in za a binne wayar lantarki akan shimfiɗa mata yashi mai laushi sama da ƙasa don kada tsakuwa ta ci jikinta, a jera bulo ko fale-falen siminti a kai, a sama kuma a ja ƙyallen roba mai launi domin gargaɗi. Zurfin kan kama ƙafa 2 zuwa 3, gwargwadon ƙarfin wutar. Sai dai zurfi ba abin dogara ba ne, don ruwan sama yana kwashe ƙasa, masu gyaran titi suna kankare ta, har abin da aka binne a ƙugu ya dawo idon sawu. Wani kuma ya binne tasa ba yashi ba bulo, ya tafi abinsa.

Da suka zauna cin abinci ne dattijon ya ba yaron labarin hannunsa, abin da bai cika yi ba. Ya ce yana saurayi kamarsa ya sari irin wannan waya. Mutane suna zaton jan wuta ne kaɗai hatsarin, suna cewa ai ƙotar diga itace ce. Alhali kuwa da bakin ƙarfe ya huda rigar wayar ya haɗa jijiyoyin da ke ciki, sai wuta ta yi tsalle ta fashe da ƙara kamar aradu, da zafin da ke narkar da ƙarfe nan take. Wayar gidan burodi irin wannan mai ƙarfin bolt 415 ta isa ta yi wannan aika-aika, ina ga ta 11,000 ko 33,000 da ke shiga tiransifoma. Shi bakin digarsa narkewa ya yi, rigar leda da ke jikinsa ta kama ta manne da fata. Waɗanda suka kawo masa ɗauki, da kyakkyawar niyya, suka fasa ƙwai suka shafa masa, wani ya kawo manja. A asibiti aka gaya musu cewa ruwa mai tsabta kawai ake kwarara wa ƙuna na kimanin minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta a kawo mutum, ko da yana tafiya da ƙafarsa, domin lantarki yakan taɓa bugun zuciya ya kuma ƙona nama ta ciki. Kuma ba a taɓa wanda wuta ke riƙe da shi da hannu, sai an kashe ta tukuna.

Bayan la'asar ya karɓi shebur da kansa. Bai haƙa ta saman wayar ba, ya sauka ta gefenta, yana tura shebur a kwance da ƙafa, ba sara, yana yaye ƙasa kaɗan-kaɗan har bulo suka bayyana a jere, a ƙarƙashinsu kuma baƙar waya mai kaurin ƙotar fartanya. Ba ta bi layin da ya zana daidai ba, ta karkace wajen taku guda don kauce wa tsohon kututture. Ya sa aka tona ƙananan ramuka biyu gaba da baya don a tabbatar da hanyarta, aka kafa turaku. Ya hana kowa taka ta ko jan ta, ya kuma gaya wa maigida cewa ba za a zuba kankare a kanta ba sai ya kira ma'aikatan lantarki sun duba, an sa mata bututu inda katanga za ta gitta.

Maigida ya yi faɗa, ya ce a kan 'yar waya aikin kwana biyu zai koma huɗu, shi kuwa ba zai ƙara ko kwabo ba. Yara suka ɓata rai, don lissafin a kansu ya faɗa. Dattijon ya ce a cire daga rabonsa.

Ana cikin wannan ciniki, rana ta yi ja, sai ihu ya tashi daga wannan gida zuwa wancan, yara suna "Up NEPA!" kamar yadda har yau ake yi ko da sunan ya daɗe da tafiya. Injin kwaɓa fulawa ya ɗauka a cikin gidan burodin. Saurayin nan yana tsaye a bakin rami, ya dubi wayar, ya dubi digarsa da ke yashe. Kawunsa ya miƙa masa kwanon sarki ya ce, "Je ka tattaro farin yashin nan da ka watsar, ka tsince tsakuwa. Gobe za mu mayar mata da shi."