Lokmariyaker, Ƙauyen Karyayyen Dutse

A yammacin ƙasar Faransa, a bakin teku, akwai wani ɗan ƙauye ana ce da shi Lokmariyaker. Mun isa can da hantsi, ruwan teku ya janye, ƙananan jiragen masunta suna kwance cikin taɓo. Babbar sana'ar mutanen wurin kiwon kawa ce, wani abin ruwa mai ɓawo biyu wanda suke ci ɗanye. An miƙa mana, muka yi godiya, amma ba mu iya ba.

Duwatsu ne suka kawo mu. A gefen ƙauyen, tafiyar 'yan mintoci da ƙafa, ga wani ƙaton dutse kwance a fili, ya karye gida huɗu. Sa'ad da yake tsaye tsawonsa ya kai mita 20, nauyinsa kuwa wajen tan 300. Mutane ne suka sassaƙe shi, suka jawo shi daga nisan kilomita da dama, suka kafa shi wajen shekara 4,500 kafin haihuwar Almasihu. Wato tun ba a gina dalar Masar ba, tun ba a haifi Ibrahim ba. Ba su da ƙarfe, ba su da mota. Mu da muke koya wa yara cewa mutanen zamanin dutse ba su san kome ba sai farauta, kunya ta kama mu a gabansa.

Kusa da shi akwai wani kabari na duwatsu. Muka sunkuya muka shiga. Mai yi mana jagora ya nuna mana rufin, muka ɗaga kai, sai ga zanen gatari da wani sashe na jikin sa. To, ina sauran san? A 1984 masu bincike suka sami ƙahoninsa a kan dutsen rufin wani kabari a tsibirin Gabrinis, wajen kilomita 4 daga nan. Ashe dutse ɗaya ne a dā, ya karye, aka raba shi, kowane kabari ya sami rufi.

A 2025 hukumar UNESCO ta sa duwatsun wannan yanki cikin kayan tarihi na duniya. Da yamma ruwa ya dawo, jiragen suka tashi daga taɓo, muka nemi motar komawa.