Kada a goge kyamara da bakin riga

Kaka ta yi, masara ta shigo gida, ana cirar auduga, hazo kuma ya soma sauka. Yanzu ne aka fi neman hoto a ikilisiya: godiyar kaka, bukukuwan aure, sai Kirsimeti ta biyo baya. Yanzu ne kuma kyamara ta fi shan wahala. Tun da ni ke riƙe da ta zumuntarmu, wadda muka saya da kuɗin ƙwadagon damina biyu, bari in faɗa muku abin da na gani.

Ƙurar hunturu daga nesa take zuwa. Iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ta daga Sahara, da yawanta daga kwarin Bodele a arewacin Chadi. A hannu tana da laushi kamar gari, amma cike take da ƙananan ƙwayoyin rairayi. A ma'aunin taurin duwatsu rairayi yana mataki na 7, gilashi kuwa tsakanin 5 da 6. Wato rairayi na iya kartar gilashi. Mu a Gozaki har ƙari muke da shi: ƙaiƙayin dawa, dusar da injin casar masara ke fesawa, da ƙurar motocin da ke kai hatsi Funtua da Malumfashi.

Bara, ranar godiyar kaka, dattawan ikilisiya suka ce a ɗauki hoton tsofaffinmu ɗaya bayan ɗaya, don da yawansu ba su da hoto ko guda. Na kafa kyamara a kan sandarta mai ƙafa uku a filin majami'a, 'yan zumuntar mata suna shigowa da dammunan dawa a ka. Sai ga guguwa daga wajen masussuka. Kowa ya kare fuskarsa, awaki suka watse, wata ta bi ta tsakanin ƙafafun sandar, kyamara ta kife cikin turɓaya. Kafin in kai wurin, wani ƙanenmu ya riga ya ɗauke ta. Da zuciya ɗaya, don ya taimaka, ya kama bakin rigarsa ya murje gilashin gaba da ƙarfi.

Faɗuwar ba ta yi mata komai ba, ƙasar taushi gare ta. Gogewar ce ta bar zane uku, sirara kamar gashi, kuma ba mai gyaran da zai fitar da su. A inuwa ba a ganin illarsu. Amma da rana ta fuskanci gilashin, sai hoto ya fito da wani fari-fari kamar an ɗauka ta cikin hayaƙi. Haka hoton wata kakarmu ya fito a ranar. Ba ta kai Ista ba. Da iyalinta suka zo neman hoton da za a sa a takardar jana'iza, shi ke nan wanda ake da shi, fuskarta a dushe. Sun karɓa da godiya, ni dai har yau ba na son kallonsa.

Saboda haka tsaftace kyamara a hunturu da iska ake farawa. Akwai 'yar roba mai kama da kwalbar ɗiga magani, idan an matsa ta sai ta hura iska, ana samunta wajen masu sayar da kayan hoto. A juya gilashin ya dubi ƙasa, a hura. Ba da baki ba, don yawu na biyo numfashi ya manne ƙurar. Bayan haka buroshi mai laushi wanda ba a taɓa gashinsa da yatsa. Sai a ƙarshe ƙyallen goge tabarau, a hankali, daga tsakiya zuwa gefe. Ƙyallen da ya kwana a aljihu tare da makulli da ɓawon gyaɗa ya zama takardar sassabe, a wanke shi tukuna.

Ƙurar da ta shiga ciki dabam ce. Idan ka ga ɗigon baƙi a wuri ɗaya cikin kowane hoto, musamman a sararin sama, to ta zauna a kan sansa, farantin da ke karɓar haske. Don ka tabbata, matse ƙofar haske zuwa f/16 ko f/22, ka ɗauki farin bango, za ka gan ta ƙuru-ƙuru. A hura da robar nan, bakin kyamara yana kallon ƙasa. In ba ta fita ba, a kai wa mai gyara a Zariya ko Kaduna. Kuɗin mota bai kai kuɗin sabuwar sansa ba. Canza gilashi kuwa sai cikin ɗaki, kyamara a kashe.

Damina tata matsalar laima ce. In ruwa ya taɓa ta, a cire batir da memori nan take, a bar ta ta bushe a inuwa. Jakar da ta jiƙa tana haifar da fumfuna cikin gilashi, don haka ƙananan ƙunshin da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi kada ku zubar, laima suke tsotsewa, ku kawo mini.

Masu ɗauka da waya, ku ma da ku nake. Yawancin hotunanku da ke fitowa a dushe, maiƙon ƙosai ne a idon wayar.

Ranar Asabar bayan koyon waƙa zan buɗe jakar kyamara a ajin Sande Sikul, mu share ta kafin godiyar bana. Ƙanen nan namu shi zai nuna yadda ake hurawa, don yanzu ya fi ni iyawa. Akwai tsofaffi bakwai da ba mu ɗauka ba tukuna.