Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Abin Da Sabon Tankin Kifi Ke Koya Mana A Nyanya

Duk wanda ya kwana biyu a Nyanya ya san yadda kiwon tarwaɗa ya shiga gidaje. Daga nan har Karu da Mararaba, za ka ga tankin roba ko na tamfol a bayan ɗaki, ko ɗan kwamin siminti a kusurwar tsakar gida. Wani da kuɗin adashi ya fara, wani da kuɗin sallama daga aiki, wata kuma da ɗan abin da ta tara na sana'a. Mu da muka ɗan jima a harkar, kusan kuka ɗaya muke ji daga sababbin shiga: an zuba 'ya'yan kifi lafiya lau, sun yi sati ɗaya ko biyu suna cin abinci, sai su daina ci, su miƙe tsaye a saman ruwa da gashin baki a waje, kowace safiya ana kwashe matattu. Tambayar da ake fara yi mana ita ce, wane magani za a saya?

Amsarmu ba ta canzawa: a bar maganar magani tukuna, a fara duba ruwan. A sabon tanki, sau da yawa ruwan ne ba shi da lafiya, kifin kuwa shaida kawai yake bayarwa.

Ba mu kaɗai muke wannan fama ba. A Amurka da Turai akwai masu kiwon murjani a akwatin gilashi cikin ɗakunansu. Murjanin nan da kakanninmu mata ke ado da shi, wanda muke jin sunansa a Suratur Rahman, asalinsa ƙananan halittu ne masu rai a cikin teku. Irin da ake kiwo a gilashi yana ɗauke da wata 'yar gansakuka a jikinsa, ita ke ba shi launi da yawancin abincinsa. In ruwa ya yi zafi fiye da ƙima, sai ya kore ta ya koma fari fat, in abin ya daɗe ya mutu. Haka ya faru a babban dandalin murjani na gaɓar Ostareliya, mai tsawon fiye da kilomita 2,000, a 2016 da 2017. Ƙarin digiri ɗaya kacal a kan zafin da ya saba, in ya ɗauki makonni, ya isa ya jawo hakan. Shi ya sa masu kiwonsa suke tsare gishirin ruwa a wajen giram 35 a kowace lita, zafi kuma tsakanin digiri 24 zuwa 27. Ƙa'idarsu ita ce ba a gaggauta zuba murjani a sabon tanki, kuma in ya fara ƙyashewa, ana auna ruwa kafin a taɓa komai. Tarwaɗarmu ta fi murjani juriya nesa ba kusa ba, amma ƙa'idar ta shafe mu.

Abu na farko da muke tambaya shi ne mazubin. Sabon siminti yana sakin sinadari mai kaifi kamar na kanwa a cikin ruwa, wanda ke ƙona fatar kifi. Ana gane shi da ma'aunin da ake kira pH. Tarwaɗa ta fi jin daɗi tsakanin 6.5 zuwa 8.5, sabon kwamin siminti kuwa yana iya wuce 10. Dole a cika shi da ruwa a bar shi ya jiƙu sati ɗaya ko biyu, a zubar, a goge, a sake cikawa, a auna, sannan a kawo kifi. Tankin roba da aka saya na hannu kuma, a binciki abin da aka taɓa zubawa a ciki.

Na biyu, daga ina ruwan ya zo? A Nyanya wani na da rijiyar burtsatse, wani na dogara da 'yan garuwa, wani na samun na famfo jefi-jefi. Ruwan famfo an sa masa kulorin don lafiyar mutane, shi kuma guba ne ga kifi, don haka a tara shi a buɗaɗɗen mazubi ya kwana kafin a zuba. Ruwan burtsatse yana fitowa garau, amma daga ƙarƙashin ƙasa ya taso, iskar oksijin ɗin cikinsa kaɗan ce, wani kuma yana da tsami ko tsatsar ƙarfe. Maganinsa a bar shi ya zubo daga sama yana fantsama, ko ya huta a wani tankin. Wanda ke saye wajen 'yan garuwa ya yi ƙoƙari ya tsaya a kan majiya guda, domin sauya ruwa kullum daga wurare daban-daban yana gigita ƙananan kifi.

Na uku shi ne wanda ido ba ya gani, kuma shi ya fi kisa. Kifi yana fitar da amoniya daga jikinsa, ragowar abinci da kashinsa ma suna ruɓewa su ƙara. A tsohon kududdufi, ko tanki mai matatar ruwa da ta daɗe tana aiki, akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke mayar da amoniya zuwa naitirait, sannan zuwa naitireit wanda ba shi da illa sosai. Waɗannan ƙwayoyin sukan ɗauki sati huɗu zuwa shida kafin su kafu. Sabon tanki ba shi da su, kuma yawancin tankunanmu ba su da matata ko kaɗan, saboda haka canjin ruwa ne kaɗai ke fitar da gubar. Ga wani abin lura: in pH ya tashi daga 7 zuwa 8, ɓangaren amoniya mai guba yana ninkuwa kusan sau goma. Ke nan wanda ya haɗa sabon siminti da yawan abinci ya haɗa wuta da fetur. Cunkoso ma haka. Wanda ya zuba kifi 1,000 a tanki mai lita 1,000, lita ɗaya ya ba kowane kifi, kuma kullum girma suke yi.

Na huɗu, yanayi. A watan Maris da Afrilu zafin Abuja yakan wuce digiri 35, baƙin tanki a rana ya koma kamar tukunya, ruwa mai ɗumi kuma ba ya riƙe oksijin da yawa. A hunturu ruwa yana yin sanyi da asuba, kifi ya rage ci, wanda bai lura ba ya ci gaba da watsa abinci yana ruɓewa a ƙasa. Tarwaɗa ta fi son digiri 26 zuwa 30. Rumfa a bazara, rufi da dare a hunturu, suna ceton jari. Ga kuma ɗaukewar wuta: wanda sai an kawo wuta yake jawo ruwa, lallai ya tanadi tankin ajiya a cike.

To in an wayi gari kifi na mutuwa, me za a yi? Abin da muka ga yana aiki shi ne a tsayar da abinci kwana ɗaya ko biyu, yunwar ba za ta kashe su ba. A kwashe matattu nan take, a zuƙe dattin ƙasa, a canza kamar kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin ruwan da wanda ya huta. Ɗan gishiri yana rage illar naitirait. A tace manya daga ƙanana, domin tarwaɗa tana cin 'yar uwarta, wani lokacin ƙidayar da ke raguwa ba mutuwa ba ce. Sannan a gyara abu ɗaya a lokaci guda, a jira a gani. Wanda ya canza ruwa, ya canza abinci, ya zuba magani iri uku duk a wuni ɗaya, ko kifin ya warke bai san abin da ya warkar da shi ba, gobe zai sake faɗawa ramin. Kafso ɗin mutane da wasu ke farfasawa a tanki ba ya cire amoniya, yana kashe ƙwayoyi masu amfani, ragowarsa kuma tana iya ƙarewa a cikin tukunyar wanda ya sayi kifin. In an gyara ruwa kwanaki sun wuce, ana ganin gyambo ko kumburin ciki, lokacin ne ake neman likitan dabbobi ko jami'in kiwon kifi.

Muna kuma roƙon a riƙa rubutu. Ɗan littafi ya isa: ranar da aka zuba kifi, yawan abinci, ranar canjin ruwa, adadin da ya mutu. Yawanci in mutum ya kawo mana irin wannan littafin, shi da kansa yake gano matsalar kafin mu buɗe baki.

Shawararmu ga ƙungiya ita ce mu haɗa kuɗi mu sayi kayan gwajin pH da amoniya da ma'aunin zafi, a ajiye wajen mutum guda, duk mai shirin fara kiwo a je a auna masa ruwa kafin ya biya kuɗin 'ya'yan kifi. Kuɗinsu bai kai asarar zubi ɗaya ba. Mu kuma kula da inda muke sakin tsohon ruwa, kada ya zama abin faɗa da maƙwabta. Mai ɗan lambu ya ba alayyafo da tattasai, taki ne mai kyau.

Wanda ke da tanki yanzu kuma yana ganin waɗannan alamu, ya yi magana a ƙasa ko ya same mu a taro mai zuwa da littafinsa. Allah Ya tsare mana jarinmu, Ya sa albarka a nemanmu, amin.