Barkwanci Ba A Takarda Ake Gane Shi Ba

Duk cikin marubutan industiri babu wanda ya kai mai rubuta barkwanci shan wahala. Labarin soyayya ko a takarda aka karanta shi yakan taɓa zuciya. Amma abin da zai sa jama'a su riƙe ciki don dariya a talbijin, in aka karanta shi a ofis sai a ga kamar shirme. Wannan matsala ce ta sami wani matashin marubuci ɗan Unguwar Mu'azu, Kaduna.

Saurayin ya rubuta wasan barkwanci kashi 13, wato na wata uku, a kan wani gidan haya: mai gida mai son kuɗi, 'yan haya ƙabila daban-daban, ga rigimar layin famfo da ta kuɗin wuta. Rayuwar unguwarsu ce ya kwashe tsaf. Da kuɗin adashen yayarsa ya buga labarin a kwamfuta, ya kai wani gidan talbijin a cikin gari. Bayan wata biyu ana ce masa ya dawo gobe, aka miƙo masa fayil ɗinsa, wai ba irin nasu ba ne.

Abokai suka ce ya watsar kawai. Shi kuwa ga bashi a wuya, sai ya nemi wani dattijon furodusa da ya yi ritaya, ya durƙusa ya gaishe shi, ya roƙi Baba ya faɗa masa abin da ya kashe labarin. Dattijon ya karanta, ya lissafa masa abu uku.

Na farko, akwai wuraren da dariyar ta dogara ga kwaikwayon harshen wata ƙabila da tsokanar mai in'ina. Dokokin hukumar NBC, wadda aka kafa a 1992 don sa ido kan gidajen rediyo da talbijin, ba su yarda da muzanta ƙabila ko addini ko nakasa ba. A gari kamar Kaduna kuwa, ba manajan da zai sa hannu a kan abin da zai jawo masa magana. Na biyu, bai zo da mai ɗaukar nauyi ba, alhali tasha fili take sayarwa, da kuɗin talla take rayuwa. Na uku, takarda zalla ya kai.

Wannan na ukun shi ne babba. Ku tuna da Samanja Mazan Fama. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, tsohon soja ne, kuma daɗin wasansa yana cikin Hausar bariki da tsawa da zare ido. Rubuta maganganun nan a takarda ka ba wanda bai taɓa jin muryarsa ba, ko murmushi ba lallai ya yi ba. Haka marigayi Kasimu Yero a Karambana. Haka marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda tsayuwarsa kaɗai kan isa a fashe da dariya.

Ba a nan kaɗai ake yin haka ba. A Ingila, a 1974, wani jami'in BBC ya karanta labarin Fawlty Towers na John Cleese da Connie Booth, ya rubuta wa shugabansa cewa abin ba zai kai ko'ina ba. An nuna wasan a 1975. Kashi 12 kacal aka yi, amma har yau yana sahun gaba in ana lissafa wasannin barkwancin ƙasar.

To, ɗan Unguwar Mu'azu bai koma da rigima ba. Ya cire wuraren tsokanar, ya mayar da dariyar kan halin mutum, irin su rowa da gulma da ƙaryar arziki. Ya tattaro abokansa 'yan dirama, suka ari kyamara, suka ɗauki kashi na farko a ainihin gidan hayar da yake zaune. Ya haska wa matan gidan da 'yan majalisa, duk inda aka yi shiru ya sa almakashi. Sannan ya shawo kan wani mai shagon kayan masarufi ya ɗauki nauyin mako huɗu.

Da ya koma tashar, bai tsaya bayani ba, roƙonsu ya yi su kalla. Kafin a kai rabi masinja ya leƙo, sakatariya ta bar kujerarta. Aka ce ya bar faifan, za a gwada shi mako huɗu a ga yadda masu kallo za su karɓa. Gwaji ne dai, amma ƙofar da aka rufe ta buɗe.

Masu karatu da ke da irin wannan fayil a ƙarƙashin katifa, ƙura ba za ta gyara shi ba. A nemi sanin dalilin da ya sa aka ƙi shi, a gyara, a ɗauki ko da minti 10 ne, sannan a koma. Allah ya ba mai rabo sa'a, amin.